Tukunyar da Ake Bari Ta Wuni a Wuta

Kusan duk kayan girkin da zamani ya kawo cikin shekaru 100 da suka wuce, da alkawarin sauri suka zo. Injin markaɗe ya sa an jingine dutsen niƙa, risho da gas suka rage zaman hura wuta, tukunyar matsin tururi ta mayar da dahuwar awa biyu ta koma ta rabin awa. Ɗaya kuwa ta zo da akasin haka kuma ta karɓu: tukunyar lantarki mai dafa abinci sannu a hankali, wadda Amurkawa suka fi sani da sunan Crock-Pot. Abin da murhu zai gama kafin azahar, ita sai ta ja shi har magariba. Duk da wannan nawa tata, kamfanin da ke yin ta ya ce ya sayar da fiye da miliyan 100 cikin kusan shekara 50.

Ƙirarta ba ta da wani sirri. Mazubi ne na ƙarfe da aka zagaye cikinsa da wayar da ke ɗaukar zafi, aka zaunar da tukunyar tangaran mai kauri a ciki, aka kifa murfin gilas a kai. A gaba maɓalli ɗaya ne mai matsayi uku: a kashe, ƙaramar wuta, babbar wuta. Ba ta suya, ba ta gashi, ko ruwan shayi ba ta tafasawa da wuri. Abin da mai saye yake biyan kuɗi dominsa shi ne damar ya ɗora girki, ya kulle ƙofa, ya kama gabansa. Idan aka bi tarihinta kuwa, za a ga inda mutane ke nufa bayan sun kulle ƙofar ya yi ta sauyawa, ma'anar tukunyar ma tana sauyawa tare da shi.

Tushen abin wata doka ce ta addini. A shari'ar Yahudawa, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar ba a kunna wuta, ba a ɗora girki. Ga shi kuma ranar hutu rana ce ta cin abinci mai kyau tare da iyali, a ƙasashen da sanyi ke ratsa ƙashi. Mafitar da suka samu ita ce abincin da za a ɗora tun rana ba ta faɗi ba, ya kwana yana nuna da kansa. Yahudawan gabashin Turai suna kiransa cholent: wake, sha'ir, dankali, albasa, da ɗan nama mai ƙashi idan da hali. Gidan talaka ba shi da murhun da zai riƙe zafi har wayewar gari, saboda haka gidan burodi ake kaiwa. Da yammacin Juma'a, bayan mai burodi ya kwashe gashinsa na ƙarshe, sai yara su yi ta zuwa ɗauke da tukwane, kowace da alamar gidansu. A jera su cikin tanderu, a rufe bakinsa. Tanderu yana hucewa a hankali, abinci yana dahuwa a hankali. Washegari da rana, bayan an taso daga wurin ibada, kowa ya je ya ɗauko tasa.

Wata yarinya da ake aika da irin wannan tukunya a birnin Vilna, wanda yau shi ne Vilnius babban birnin Lituweniya, ta girma ta yi ƙaura zuwa Amurka. A 1902 ta haifi ɗa a jihar New Jersey, Irving Nachumsohn, wanda daga baya ya gajarta sunan zuwa Naxon. Ya zama injiniyan lantarki mai yawan ƙirƙire-ƙirƙire, ya zauna a Shikago, kuma labarin tanderun Vilna da ya ji a bakin mahaifiyarsa bai bar kansa ba. Tambayar da ya sa a gaba mai sauƙi ce: yaya za a sami irin wancan zafi mai laushi, mai daɗewa, a cikin gida, ba tare da tanderun kowa ba? A 1936 ya nemi rajistar mallakar ƙirƙirarsa, aka ba shi a watan Janairun 1940. A shekarun 1950 ta shiga kasuwa da sunan Naxon Beanery, a matsayin tukunyar dafa wake, ƙananan gidajen abinci suna saye suna ajiye miya a ciki. Ba ta yi wani tashe ba.

Dabarar ita kanta ba ta al'umma ɗaya ba ce. A Alƙahira, tun ƙarnoni da suka wuce, masu dafa ful sukan binne tulunansu masu ƙaramin baki a tokar wutar gidajen wanka na jama'a, wake ya kwana a ciki, da safe a fito da shi ya yi luguf. Duk alhajin da ya karya kumallo da ful a Makka, da Hausawan Sudan da suka tashi da shi tun suna yara, sun san ɗanɗanon wake da ya kwana a wuta. A Marakesh ta Maroko har yau maza sukan zuba nama da man shanu da kayan ƙamshi a tulun ƙasa, su rufe bakinsa da takarda, su kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne musu a toka. A ƙasar Hausa ma ba baƙon abu ba ne. Da Babbar Sallah, bayan an babbake kai da ƙafa, an kankare, an wanke, uwargida takan zuba su a babbar tukunya bayan isha'i, ta tura gungumen itace guda ɗaya ta bar shi yana ci a hankali. Da asuba ta ɗaga murfi ta tarar nama yana saɓulowa daga ƙashi, romo ya yi kauri har yana kama leɓe. Sai dai ita tana nan a gidan, barcinta rabi da rabi ne, kunnenta yana wajen murhu. Abin da Naxon ya ƙara a kan wannan tsohon sani shi ne cire mai gadin wuta gaba ɗaya.

A 1970 ya yi ritaya ya sayar da kamfaninsa ga Rival, wani kamfani na birnin Kansas a jihar Missouri da aka sani da injin matse lemo da na buɗe gwangwani. Tukunyar waken ta biyo cikin kayan da aka saya ne kawai, ba ita aka je nema ba. Matan da ke aiki a ɗakin gwajin girki na kamfanin su ne suka gano abin da ke hannunsu. Suka yi ta zuba mata abubuwa, nama, kaza, miya, har kayan zaƙi, suna rubuta awa nawa kowanne ya ɗauka da yawan ruwan da yake so, har suka haɗa ɗan littafin girki da ake sakawa cikin kwalin kowace tukunya. Wannan aiki nasu ya kai ƙirƙirar kanta muhimmanci, domin na'urar da mutum bai san abin da zai dafa a cikinta ba, a kan kabad take ƙarewa. A 1971 aka fito da ita a baje kolin kayan gida na Shikago da sabon suna, Crock-Pot, da launukan da ake yayi a lokacin, kore da ruwan zinariya, a kan kusan dala 25. Cinikin shekarar farko dala miliyan 2 ne. A 1975 ya kai dala miliyan 93. A tsakanin nan, a 1974, aka yi gyaran da ya fi kowane amfani: tukunyar tangaran ta zama mai ciruwa, ana iya ɗauke ta a wanke ko a kai ta teburi. A 1975 ɗin kuma littafin girkin da Mable Hoffman ta rubuta musamman don wannan tukunya ya hau sahun gaba na littattafan da aka fi saye a Amurka.

Me ya sa abin da ya shekara kusan 20 yana kwance ya tashi haka? Gidan Ba'amurke ne ya sauya. A 1970 kimanin kashi 43 cikin 100 na matan Amurka ne ke aikin albashi ko neman sa. Zuwa 1980 sun haura rabi. Gida yakan wuni a kulle daga takwas na safe zuwa shida na yamma, amma miji da 'ya'ya ba su daina sa ran abinci mai zafi da daddare ba. Tallan kamfanin kai tsaye ya nufi waɗannan mata: tukunya za ta wuni tana girki, mai girki tana wurin aikinta. Sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka fetur, farashin makamashi da na abinci suka tashi, sai na'urar da cin wutarta bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu na wancan zamani ba ta ƙara farin jini. Abin da aka samo daga dabarar tsare ranar hutu ya koma abin da ke sallamar mutum ya fita aiki.

A nan ya kamata a yi wa tallan adalci, a kuma yi wa matan adalci. Girki bai bar wuyan mace ba. Lokacinsa ne ya matsa zuwa asuba. Fere dankali, yanka albasa, gyara nama, duk suna nan, sai dai yanzu ana yin su ne kafin a shirya yara makaranta, ko da daddare bayan an gama wanke-wanke a saka a firji. Masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta nuna a littafinta na 1983 cewa na'urorin gida sun fi rage aikin da maza da yara da 'yan aiki ke yi a da, suka bar uwa ita kaɗai da aikin da ake sa ran ta yi shi fiye da da. Tukunyar nan ba ta kuɓuta daga wannan hukunci ba. Amma kuma wanda bai taɓa tashi daga aikin awa tara ya kama hanya yana lissafin abin da zai ɗora ba, ba zai san girman abin da ta yi ba. Ma'aikaciyar jinya ko malamar makaranta da ta buɗe ƙofa ƙarfe shida ta ji ƙamshin miya ya tare ta, ta sami awa guda da za ta zauna da 'ya'yanta, awa guda da a da a tsaye take cinye ta gaban murhu. Wannan riba ce ta gaske, ko da ba ta kai abin da aka yi alkawari ba.

Yadda take aiki shi ne ya sa wasu abinci suka yi suna a cikinta, wasu kuma suka lalace. Gwargwadon girmanta, tana cin wat 70 zuwa 250, tana kai abin da ke cikinta ƙasa kaɗan da tafasa ta riƙe shi a nan. Ƙaramar wuta da babba kusan wuri ɗaya suke tsayawa. Bambancinsu shi ne ɗaya tana ɗaukar awa bakwai zuwa takwas kafin ta isa, ɗayar uku zuwa huɗu. Wanda ya leƙa ta gilas da rana zai ga tururi ya taru a cikin murfi yana gangarowa, ya cika ɗan lungun da ke tsakanin murfi da bakin tukunya har ya liƙe shi, ruwa yana ɗan motsi a gefe-gefe, kumfa ɗaya tana tasowa, ta fashe, wata ta biyo bayan ɗan lokaci. Irin wannan zafi ne ke narkar da jijiya da tantanin da ke cikin nama su koma danƙo. Shi ya sa naman da ya fi kyau a cikinta shi ne mai arha: kafaɗa, wuya, ƙwauri, ƙirji, wutsiya, waɗanda mai sauri ke gudu. Tsokar ƙirjin kaza kuwa, da ba ta da kitse ba ta da jijiya, sai ta bushe ta zama zare-zare. Shinkafa takan caɓe. Madara da kifi da ganye a ƙarshe ake zuba su. Dankali da karas sun fi nama jinkirin nuna a irin wannan wuta, don haka su ake shimfiɗawa a ƙasa. Ruwa ba ya ƙonewa tunda tururi ba ya fita, wanda ya zuba shi kamar yadda ya saba a murhu zai tarar da miya tsararo. Duk ɗaga murfi ɗaya kuma yakan ja dahuwa baya da kusan minti 20.

Babban rauninta shi ne rashin suya. Ƙamshin da nama ke yi idan ya taɓa kasko mai zafi, da zaƙin albasar da ta yi ja a mai, ba sa samuwa a ruwan da bai ko tafasa ba. Masu girki na gaske sukan soya nama da albasa tukuna su juye a ciki. Masu zuba komai ɗanye su tafi su ne suka jawo mata suna a shekarun baya cewa duk abin da ya fito daga cikinta launinsa ɗaya, ɗanɗanonsa ɗaya, musamman lokacin da ake yayin juye miyar gwangwani a kan nama.

Akwai kuma ƙa'idojin lafiya da ba a wasa da su. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, tukunyar kuma tana daɗewa kafin ta ƙetare wannan tsakani. Saboda haka ma'aikatar noma ta Amurka take gargaɗin kada a saka naman da ya daskare, a bari ya saki tukuna, kuma a cika tukunyar daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Jan wake mai siffar ƙoda, wanda Turawa da Amurkawa ke yawan ci, yana da wata guba da tafasa mai ƙarfi kaɗai ke kashewa. An sha kwantar da mutane da amai da gudawa a Birtaniya saboda sun zuba shi ɗanye a wannan tukunya, shi ya sa ake cewa a jiƙa shi, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai a murhu kafin a juye. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce mafi tsanani: idan wuta ta ɗauke ba ka gida, ka dawo ba ka san tsawon lokacin da ta yi a ɗauke ba, ka zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna.

Da tukunyar ta shiga gidaje, wani abu ya ɓace wanda ba a cika lissafa shi ba. Tanderun mai burodi wurin haɗuwa ne. A nan ake sanin gidan da tukunyarsa ta zo ba nama, a nan ake gaisawa. Soket ɗin bango na mutum ɗaya ne. Amma jama'a sun nemo hanyar mayar da ita cikin taro. A jihohin tsakiyar Amurka, duk inda ake ciyayya, a zauren coci, a wurin aiki, a gidan makoki, ko ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, za a ga dogon teburi an jera su goma ko fiye, kowace da takardar sunan mai ita manne a murfi, wayoyinsu sun taru a soket ɗaya. Wannan da miyar wake da niƙaƙƙen nama, waccan da curin nama a miyar tumatir, ta can da narkakken cuku. Maƙwabcin da aka yi wa rasuwa ko haihuwa, da ita ake kai masa abinci, domin za ta riƙe shi da zafi har lokacin da ya sami sukunin ci. Kamfanoni da suka lura da haka suka fara ƙera masu murfi mai maƙalli don kada miya ta zube a mota.

Tashen farko bai daɗe ba. Na'urar maikurowef, wadda gida ɗaya cikin 100 ke da ita a 1971, ta shiga kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen Amurka zuwa 1986, ta kai tara cikin goma kafin ƙarshen ƙarnin. Ga abincin da aka dafa aka daskarar a kanti, minti biyar ya isa. Tukwanen kore da ruwan zinariya suka koma bayan kabad da kasuwar gwanjo. Sai a farkon shekarun 2000 suka dawo, da jikin ƙarfe mai sheƙi da agogon da ke mayar da wuta ƙasa idan lokaci ya cika, a daidai lokacin da mutane suka fara gajiya da abincin kwali suna neman na gida.

Abin da ya faru a watan Janairun 2018 ya tona inda ƙarfin wannan tukunya yake. A wani shiri mai dogon zango na tashar NBC, This Is Us, an nuna yadda gobarar da ta yi ajalin uban gidan da masu kallo suke ƙauna ta tashi daga wata tsohuwar tukunya irin wannan, mai lalataccen maɓalli, da maƙwabta suka ba su kyauta. Labari ne ƙirƙirarre, amma washegari mutane suka cika kafafen sada zumunta suna cewa sun jefar da tasu. Sai da kamfanin Crock-Pot ya fitar da sanarwa cewa bai taɓa samun ƙorafin irin wannan gobara ba, marubucin shirin ya fito ya tuna wa jama'a cewa wasa ne, ɗan wasan da ya fito a matsayin mamacin ma ya yi wani ɗan bidiyo yana ɗiban abinci daga tukunyar. Tsoron bai zama abin dariya ba. Mutum yana barin abu a kunne a gidan da 'ya'yansa ke kwana, ko gidan da ba kowa, awa takwas ko goma. Yana yin haka ne saboda ya amince da wanda ya ƙera ta, da wanda ya ja wayar gidan, da hukumar da ta duba su, da kamfanin da ke ba da wuta. Ranar da aka taɓa wannan amana, ko a wasan kwaikwayo ne, tukunyar ba ta da sauran amfani.

A 2010 wani injiniya a Ottawa ta Kanada, Robert Wang, ya fito da Instant Pot, wadda ta haɗa matsin tururi da dahuwar sannu a jiki ɗaya, aka yi ta cewa kwanan tsohuwar ya ƙare. A watan Yunin 2023 kamfanin da ya mallaki Instant Pot ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi, tsohuwar kuwa tana nan a kantuna. A Birtaniya ma sabon matsayi ta samu. Da farashin gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukren, ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka riƙa raba ta kyauta tare da kayan abinci ga iyalan da kunna babban murhun gasa abinci ya fi ƙarfinsu. A can, a lokacin, ba maganar fita aiki ake yi ba, maganar abin da mita ke ci ake yi.

Batun amana da aka taɓo a baya shi ne ya sa ba ta zauna a gidajen Kano da Kaduna da Maraɗi ba, ko da yake ana ganin ta jefi-jefi a manyan kantuna, a wajen 'yan gwanjo, da cikin kayan kicin na wasu amare. Buƙatar tana nan. Malamai, ma'aikatan asibiti da na banki, da 'yan kasuwa mata suna fita tun safe, kuma farfesu, ganda, ƙafar saniya, wake da kazar gida mai tauri duk abincinta ne. Kuɗin wutar ma ba shi ne matsala ba: mai wat 200 idan ta yi awa takwas ta ci yunit 1.6, wanda ko a farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin Band A na masu amfani da wuta a Najeriya a watan Afrilun 2024 bai wuce naira 360 ba, ƙasa da gawayin da zai dafa ƙafar saniya. Matsalar ita ce awa takwas ɗin a jere. Inda wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama, tukunyar da aka bari da ɗanyen nama ƙarfe bakwai na safe tana iya wuni a ɗumi-ɗumi, daidai zafin da ƙwayoyin cuta ke so, a gari mai zafin rana irin namu. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Nijar, wadda a lokacin mafi yawan wutarta daga Najeriya take zuwa, an yanke mata a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. Ga kuma tarkon da ke cikin kayan gwanjo: wadda aka ƙera don Amurka wutar bolt 120 take ɗauka, tamu kuwa 230 ce, idan aka jona ta ba na'urar rage ƙarfin wuta nan take za ta ƙone. Ta Birtaniya ce ke dacewa da soket ɗinmu na Najeriya.

A Afirka ta Kudu, da aka shiga ɗauke wuta bi da bi a 2008, wata mata mai suna Sarah Collins ta koma ga dabarar da ba ta buƙatar soket. Ta ɗinka jakar yadi mai kauri da aka cusa wa gutsattsarin soso, Wonderbag: a tafasa abinci a murhu na ɗan lokaci, a sauke tukunya a saka a jakar a zuge bakinta, zafin da ke ciki ya ƙarasa dahuwar cikin sa'o'i. Turawa sun yi irin wannan da akwatin da aka cika da ciyawa, musamman lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu da makamashi ya yi wuya. Ga gidan da ke girki da itace ko gawayi, wannan na nufin ƙarancin sayen makamashi da ƙarancin zama cikin hayaƙi, hayaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara a gaba.

Inda ita tukunyar lantarkin za ta iya samun ƙofa a ƙasar Hausa shi ne ta hanyar sola. Farantan sola sun yawaita a kan rufin gidaje da shaguna cikin 'yan shekarun nan, kuma ƙaramar inbatar da ba za ta iya ɗaukar dutsen guga ko murhun lantarki mai wat 1,000 zuwa sama ba, za ta ɗauki mai wat 200 ba tare da ta yi ƙara ba. Rana tana da ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar, daidai sa'o'in da gida yake a kulle kuma batir ya cika ba abin da ke jan sa sai firji. Ba kowane abincinmu za ta yi ba: tuwo yana son tuƙi, miyar kuka tana son a kaɗa ta a kan wuta, miyar dage-dage sai an soya kayan miya tsaminsu ya fita. Ga sauran kuwa, aikin da ke gaban masu koyar da girki irin wanda matan ɗakin gwajin Rival suka yi ne a farkon shekarun 1970: a auna awa nawa ganda ke so a ƙaramar wuta, ko wake zai nuna ba kanwa, yaushe za a jefa daddawa don kada ƙamshinta ya gudu, da kofi nawa na ruwa ya ishi farfesun kan rago idan tururi ba ya fita.